Ranar da na wanke lambobin Sarja

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na nemi auren Hadiza ba. Lokacin ina sabon ma'aikacin rediyo a Tawa, soja ke mulki, ruwan sama kuma ya ƙi zuwa.

A ƙasar Adar, inda Tawa take, mai neman aure yakan tara abokai su je su nome gonar suruki. To, a shekarar babu abin nomewa, geron Kalfu, garin su Hadiza, ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Abokin takarata, wani mai sayar da shanu, ya kai buhun dawa. Ni kuwa ba ni da komai sai murya mai daɗi da wando guda biyu.

Mahaifin Hadiza tsohon sojan Faransa ne, kowa Sarja yake ce masa. A yaƙin Jamus ya yi aiki cikin jirgin da ke sakin bama-bamai. Mutanen gari sun ce shi ke tuƙa jirgin (bai taɓa cewa e ba, bai kuma taɓa cewa a'a ba). Lambobin yabonsa suna cikin wani gwangwanin shayi, ba ya fito da su sai ranar bikin ƙasa.

Ana jibi biki na je gaishe shi, na tarar ya baje su a kan tabarma. Sun yi baƙi, ƙyallayen da aka rataye su da su sun yi dauɗa. Nan na ga gonar da zan nome. Na durƙusa na ce, "Baba, a ba ni in gyara su."

Ya daɗe yana kallona. "Ka iya, ɗan rediyo?"

Na ce na iya.

Na yi musu abin da na ga uwata tana yi wa tasoshinta: toka, lemun tsami, da ɗan rairayi. Na dirje su da zuciya ɗaya. Ruwan zinariyar da ke kan babbar ya bi toka ya tafi. Ƙyallayen kuma na jiƙa su tare cikin ruwan sabulu, ja ya shiga kore, kore ya shiga rawaya, duka suka fito kalar kunun tsamiya. (Na ƙara musu shuni ko za su farfaɗo. Kada a tambaye ni dalili.) Na naɗe su cikin gwangwanin, na miƙa wa Hadiza a ƙofar gida, na juya da sauri.

Ranar biki ni aka ba makirufo in gabatar da tsofaffin soja. Ina ta addu'a Sarja ya yi zamansa a gida. Sai ga shi a sahun gaba, ƙirji a buɗe, ya jera su duka.

Farfe, wato gwamnan jihar, wanda shi ma hafsan soja ne, yana bin sahu yana gaisawa da su. Da ya iso gaban Sarja ya tsaya, ya sunkuya, ya ce, "Sarja, waɗannan na wace ƙasa ne?"

Sarja ya ƙame ya sara masa. "Na Faransa ne, ranka shi daɗe. Jamus sun harbe mu sama da ƙasa, ba su taɓa su ba." Sai ya nuno ni da sandarsa. "Wanga yaro shi ɗai ya gama da su, da toka."

Makirufon yana hannuna a buɗe, kusa da su. Duk filin ya ji. Har sojojin da ke tsaye a ƙame sai da kafaɗunsu suka yi rawa don dariya.

Na cire rai da Hadiza. Amma bayan sati Sarja ya aiko a gaya wa iyayena su turo. Wai mai shanu ya ba shi abin ci, ni kuwa na ba shi labarin da zai riƙa bayarwa har ya mutu. Ya kuwa cika alkawari. Bai sake kirana da sunana ba, sai Bajamushe, 'ya'yana ma a Kalfu 'ya'yan Bajamushe ake ce musu.

Tun daga ranar, in na ga tsohon abu ya yi baƙi a hannun mai shi, nakan yaba, in mayar da hannuwana aljihu.