Shaidar Goggo Yalwa a kan ɗorawa

Saude ƙawata, matso kusa ki sha labari.

Wata dattijuwa ce a ƙauyen su maigidana, ana ce mata Goggo Yalwa. Ɗanta na fari, Tanimu, aka kai ƙara kotun majistare, wai shi ya sare ɗorawar Malam Haladu da ke kan iyakar gonakinsu, da rana tsaka, mutane suna kasuwa. Ɗorawa kuwa ba ta wasa ba, kalwarta ce ke riƙe da gidan Malam Haladu. In laifin ya tabbata, gidan yari ne. Tanimu ya rantse a zauren gidansu ya yini ranar, sai dai ba shi da mai shaida in ba mahaifiyarsa ba. Nan fa gizo ke saƙar, domin Goggo irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ko ruwa za ta ba shi sai ta ajiye ta kau da kai. Kotun ba ta ba ta tsoro ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne a ce wai an gan ta tsaye a bainar jama'a tana kare shi. Ta yi alwala, ta ja mayafi har goshi, ta tafi.

Da aka kira ta, sai ta juya wa Tanimu ƙeya, ta fuskanci bango. Ta shaida wa alƙali cewa wancan mutumin yana kwance a zaure tun hantsi har aka kira la'asar, sau biyu ma tana tsallake ƙafarsa za ta maƙwabta.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe yana gyara ɗamara. Shi ma ɗan ƙauye ne, ya san inda ke mata ƙaiƙayi. Ya ce ta faɗa wa kotu sunan wanda ake tuhuma. Goggo ta ce ai ta ji maga-takarda ya karanta ɗazu, kuma bai yi kuskure ba. Ya ce to ta nuna shi da hannu. Ta nuna da haɓa, ba ta waiwaya ba. Ya tambaye ta me ke tsakaninsu. Ta ce mutane dai suna cewa ita ta haife shi, ita kuma ba ta musa ba.

Sai ya juya wajen alƙali, ya ce kotu ta lura, uwa ce, kuma babu uwar da ba za ta yi wa ɗanta rufa-rufa ba. Goggo kuwa carbinta kawai take ja a ƙarƙashin mayafi. Ya dawo kanta, ya sassauta murya.

"Goggo, tsakaninki da Allah, ɗan naki mutumin kirki ne?"

Ta ga ramin da ya haƙa mata. In ta ce e, ta yabi ɗan fari a gaban gari. In ta ce a'a, ta tura shi kurkuku da bakinta. Sai ta ce ita dai ba ta ba da shi misali.

"Madalla. Ke da kanki ba ki yabe shi ba. To don me kotu za ta yarda ba shi ya sare ɗorawar ba?"

Goggo ta gyara mayafi, ta dubi alƙali a karon farko.

"Allah ya gafarta Malam, in har bincike ya nuna shi ya sare ta, ina roƙon a sanar da ni da wuri in jiƙa waken ƙosan sadaka. Tun yana yaro nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da zai ɗaga gatari."

Don Allah, Saude, ya tsaya a kunnenki. Tun da kotu ta wanke Tanimu ta sallame shi ake nema masa aikin gadi.