Yadda Za Ki Haɗa Karatu Uku Ki Kusa Kashe Aure Da Kwalin Tishu

Wannan hanya gwajajjiya ce. Ni na gwada ta a unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, a 2019, ina da shekara arba'in da bakwai, ni da ban riƙe fensir ba sai bayan haihuwa ta uku. Bi matakan nan, ina ba ki tabbaci cikin wata shida ba mai ƙara samun amsa daga bakinki.

1. Zaɓi karatun da ba ya faɗuwa da numfashi ɗaya

Shiga digiri na biyu ta intanet, fannin ba da shawara kan cututtukan gado. Kada ki tsaya nan. Ɗora masa ɗa'ar aikin likita, ki ƙara da nazarin labarun marasa lafiya. Na farko zai hana ki gaya wa mutum abin da zai yi. Na biyu zai hana ki faɗin abin da kika ji. Na uku zai sa ki zauna ki yi ta ji.

In an tambaye ki me kike karanta, fara bayani. Kafin ki kai rabi za a ce, "Khalas, shi ke nan, likita dai." Karɓi sunan.

2. Samu mai sirri

Nawa Abdulganiyyu ne, mai haɗa kargo a unguwar Port Saeed, ƙato mai ɗaga firji shi kaɗai. Yana neman Halimatussa'adiya, 'yar Hajiya Wasila da muke zama gida ɗaya. Halima AS ce, don haka Hajiya, mai tsoron samun jika mai sikila, ta ba shi zuwa Juma'a ya kawo takardar gwajin jininsa ko ya nemi wata.

Ya tare ni a bakin lif ya faɗa min wata magana, ya ce, "Anti, don Allah tsakaninmu." Ko ke ba zan gaya miki ba tukuna. Koma mataki na ɗaya.

3. Yi yadda aka koya miki a bidiyo

Hajiya za ta same ki a kicin.

"Likita, na gan ku a bakin lif. AA ne ko AS?"

Karkata kai gefe. Sassauta murya. Ce, "Hajiya, ya kike ji a ranki game da wannan tambayar?"

"Ji nake kamar in kwaɗa miki ludayin nan."

Yanzu sai babban darasi: malamanmu sun ce kullum a ajiye tishu kusa da mai neman shawara. Ɗauko kwalin, ki tura mata a hankali da yatsu biyu.

A sani: mutuniyar Kano ba a taɓa miƙa mata tishu don labari mai daɗi ba.

4. Zuba ido

Kafin la'asar saƙon muryar Hajiya ya isa Kano cewa Abdulganiyyu AS ne. An ce a sauke akwatunan lefe daga kwantenar da za ta kai su Kano. Halima ta kulle kanta a ɗaki da kwalin nan dai, ta kusa ƙarar da shi. Kada ki ce uffan. Buɗe littafinki ki karanta babin "Kada Ka Cutar," sau biyu.

5. Tara su, ki yi abin da kika fi iyawa

Ranar Alhamis kira kowa falo. Zuba shayi. Yi shiru. Ba ɗan Adam ɗin da ke jure shirun wadda ta yi digiri a kai. Abdulganiyyu ya kai minti goma sha ɗaya, na duba agogo.

"Hajiya, wallahi ban ma yi gwajin ba. Allura nake tsoro. Sau uku ina zuwa asibitin, ina juyawa daga bakin ƙofa."

"Allura? Kai da ka hau min da firji hawa huɗu ranar da lif ya lalace?"

"Firji ba ya huda mutum, Hajiya."

Halima ta leƙo da jajayen idanu: "Saboda allura na yi kwana biyu ina kuka?"

6. Bar wa wani ladan

Hajiya ta yafa mayafi ta ce yalla, mu tafi. Ita ta tare taksi, ita ta danne masa hannu a asibiti. Ya suma shwaiya, na ɗan lokaci, ya farfaɗo yana tambaya ko an fara. Takarda ta fito ranar Asabar: AA. Hajiya ta yafe masa kwana ɗayan, aka mayar da lefe kwantena.

Za ki ji tana gaya wa mutanen Kano a waya, "Shekara biyu tana boko, ni na warware shi da taksi ɗaya." Karkata kai gefe. Saurara.

Gargaɗi

Marubuciya ba ta ce ki bi matakan nan ba, ba ta kuma ce kada ki bi ba. Karatunta ya hana ta duka biyun. Duk auren da ya girgiza, duk lefen da aka sauke, duk ludayin da ya same ki, naki ne. In kuka ya zo miki, nemi tishu a wani gidan. Namu Hajiya ta kulle shi a durowa, makullin na ɗaure a bakin mayafinta.