Rasuwar Hagu, Takalmin Iyon Bu Okryon

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka kasa zama wuri ɗaya, mu matan da ke nutso neman dodon koɗin teku a gaɓar gabas ta tsibirin Jeju muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Hagu, takalmin iyo na baƙar roba, irin wanda muke kira ƙafar agwagwa. Ya cika a ƙafar uwar ɗakinsa, Bu Okryon, bayan doguwar jinyar da ita kaɗai ta ƙi yarda jinya ce.

Marigayin bai zo duniya da sunan Hagu ba. Ƙafar agwagwa ba ta da dama ba ta da hagu ranar da aka saye ta, zama ne ke raba su. Shi dai ya yi shekara da shekaru yana shan matsar karkataccen babban yatsan Okryon har ya yi ƙulu daidai wurin, ya zama ba ya shiga ƙafar kowa sai tata. A kan duwatsu ba shi da kunya, tun daga nesa za ka ji faƙat, faƙat, ka san ta taho kuma ranta a ɓace yake. Amma da ya shiga ruwa sai ya yi tsit, ya kama aikinsa. Bai taɓa suɓucewa a igiyar ruwa ba, bai taɓa yi mata kanta a dunduniya ba.

Babban alherinsa kuwa rufin asiri ne. Gwiwar hagun Okryon ta daɗe da ajiye aiki, mu duka mun sani, mun yi gum. Sai ya zamana yadda gwiwar ke tsufa haka robar ke laushi, har ƙafar da ta gaji take iya lanƙwasa shi, ga kuma tsawonsa yana nan da zai kai ta can ƙasa inda manyan dodon koɗi suke. Da shi ta ci gaba da zama cikin matan zurfi alhali sa'o'inta sun daɗe da komawa bakin gaɓa.

Ciwon ajali ya faro ne da 'yar tsaga a dunduniya. Aka yi masa gam ɗin facin taya, aka ɗaure shi da tsohon tub ɗin taya, aka ɗinke shi da zaren kamun kifi. Duk wadda ta ce a sake shi sai ta sha harara. Ranar ƙarshe Okryon tana can ƙasa, numfashi ya kusa ƙarewa, ta taka ruwa za ta taso, sai ta ji tsat. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan. A wurinmu ba mai yin nutso ita kaɗai, kowace tana da abokiyar ruwa da ke tsaron fitowarta. Tata, Hyon Malsun, ita ta bi ta ƙasa ta cafko ɗamarar dalmar da ke ƙara mata nauyi a ruwa ta fito da ita.

Ya rasu ya bar tagwaicinsa Dama, wanda lafiyarsa ƙalau amma ba shi da sauran amfani. Ya bar gilashin ido ɗaya, ɗamarar dalma, ƙarfen ɓamɓaro dodon koɗi, da ƙwallo mai ruwan lemo da take hutawa a kansa a saman ruwa, da ragarsa. Ya kuma bar Okryon, wadda tun ranar ba ta zauna ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta cire ciyawar gonar karas har da karas ɗin. Ta fita bakin teku ta dawo, ta ɗora ruwan zafi ta manta da shi, ta sake fita. Ga lokacin buɗe kamun dodon koɗi ya matso, ruwa ya kwanta luf kamar da gayya.

Sau nawa ta je shagon bakin tasha neman sabon takalmi, mai shagon ma ya daina lissafi. Ta ɗauki wannan ta lanƙwasa, ta sunsuna wancan ta ajiye. Dogayen suna da tauri, suna son ƙafar matashiya. Masu laushin gajeru ne, ba sa kai mutum ko'ina. Abin da take nema, dogo mai laushi da ya san yatsanta, babu mai sayar da shi.

"Iya, ga waɗannan gajerun, ba sa wahalar da gwiwa," in ji mai shagon.

"Na ce maka wanka zan je? Waɗannan ai na tekun kakanni ne."

Tekun kakanni shi ne ɗan wurin nan marar zurfi da muke keɓe wa tsofaffinmu, ba mai taɓa musu ko dodon koɗi ɗaya. Girmamawa ce, amma ba a taɓa ganin wadda ta shiga ta dawo cikin matan zurfi ba. Okryon ta ɗauki mafi tsawo a shagon ta fita tana cika tana batsewa.

Ta gwada su kafin a buɗe kamu, Malsun na gefe a kan ƙwallonta. Nutson farko ta fito tana dariya. A na uku jijiyar sharaɓarta ta ɗaure, ta taso a karkace tana cije leɓe, ta ce robar zamani ce ba ta da albarka.

Malsun ta bari sai da suka zauna gaban wuta a zagayen duwatsun da muke sauya kaya, sannan ta ce, "Yaya, in kin ce zurfi, zurfi za mu, ni ba zan sake abokiya ba. Amma ki sani, duk nutson da na yi yanzu rabin numfashina nake kashewa. Ɗaya rabin ajiye miki nake."

"Bakinki ya fi takalman nan tsawo," in ji Okryon.

Sai juya itacen wuta da take ta yi, wutar da ba ta nemi a juya ta ba. Ta san Malsun na da jikoki a gabanta, ta kuma san rabin numfashi ba ya cika raga. Da safe aka gan ta ta nufi tasha da dogayen a hammata, ta biyo ta bayan gari da gajerun a cikin baƙar leda. Wallahi da muka ji, babu wadda ta iya yi mata tsiya, mu da tsiya ce abincinmu.

Game da jana'iza, za a yi ta ranar buɗe kamu, kafin a shiga ruwa, a zagayen duwatsu. Ba za a ƙone marigayin ba saboda wari, ba kuma za a jefa shi teku ba, don ba ma zuba shara a gonarmu. Za a jefa wa Sarkin Teku ƙullin shinkafa a farar takarda kamar yadda aka saba. Daga nan Okryon za ta yanka Hagu siri-siri da hannunta, a ɗaure bakin ragar Malsun da shi, domin ya ci gaba da zuwa wajen zurfi ko da babu ita. Dama zai zauna a ƙusa a bayan ƙofa.

Masu zuwa ta'aziyya su bi ta tekun kakanni, can za su same ta. Ta roƙi alfarma ɗaya: kada kowa ya ce mata sababbin sun yi mata kyau.