Ranar da Tafasata Ta Ci Takin Manya

Jama'a, ina gargaɗinku tun da wuri: idan aka ba ku taki bayan an gama girbi, ku kulle shi a ɗaki, kada zumuɗi ya ɗebe ku. Ni ya ɗebe ni, ga shi yanzu ina leƙen ganyena ta ramin waya kamar ɓarawo.

Tun saukar ruwan fari Masu Girma suka yi mana alkawarin taki. Allah ya ƙara musu girma, sun cika, sai dai ranar da ya iso masarata tana cikin buhu. Kwana biyu muna layi a rana, aka ba mu buhu ɗaya mu goma sha huɗu. Na tashi da kwano biyu, aka ɗauke ni hoto uku ina washe haƙora.

A makon ne kuma malamar asibiti ta gwale idon autata, 'yar shekara shida, ta ce jininta ya yi ƙasa, a yawaita ba ta ganye. Ganye kuwa kyauta muke samunsa. A kangon da ke bayan katangarmu, inda ruwan wanke-wanke ke malala, tafasa da lalo da zaƙi-banza suna fitowa da kansu, ba wanda ya taɓa shuka su. Nan dabara ta faɗo mini.

Uwar yara ta gan ni da kwano ta ce, “Malam, ciyawar Allah za ka ba taki? Wa ya aike ka?”

Na ce, “Ke dai zuba ido. Idan ganyen banza yana ƙara jini, wanda ya ci takin manya ai sai Auta ta cika har ta sam wa maƙwabta.”

Na watsa. Inda hannuna ya yi nauyi, lalo ya ƙone ƙurmus. Amma sauran fa? Mako uku, zaƙi-banza ya kai mini kafaɗa, tafasa ta yi kore shar tana sheƙi. Da asuba nake fita in gaishe su, har rawa na taka, da girmana. Maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga ya ce, “Maƙwabci, wannan ganye ne ko laima? Yanko mini ɗaya in ɗinka wa yara riga.”

Aka cika tukunya fal da ganyen. Da ya dahu, sai ya koma loma uku. Uwar yara ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

“Ruwa ne zalla,” in ji ta. “Na da ƙanana ne, amma da ɗanɗano. Wannan ƙibar masu ofis ya yi: jiki ya cika kujera, aiki babu.”

Idan a baki ruwa ne, a jikin Auta me zai zama? Na tsinki ganye ɗaya na nufi ofishin da ya raba takin, na durƙusa gaban Mai Babban Tebur.

“Ranka ya daɗe, ganyen da ya sha taki, amfaninsa ne ke ƙaruwa, ko girman ne kawai?”

Ya karɓi ganyen da hannu biyu, ya miƙe tsaye. “Da takinmu aka yi wannan? Kai, ashe yana aiki!”

Kashegari motoci uku suka tsaya a ƙofata. Aka kewaye kangon da waya, aka kafa allo: Gonar Gwaji ta Farko. Ba mai tsinkar ganye ko ɗaya sai Mai Girma ya zo ya yanka zare. Tambayata kuwa an karrama ta, an kafa mata kwamiti, kwamitin ya tafi otal yana nazari.

Yanzu uwar yara tana tafiyar awa guda zuwa bakin rafi, tana tsinko wa Auta ƙananan ganyen da ba su taɓa ganin alherin manya ba. Akuyar tela kuma ta gano rami a ƙarƙashin waya, kullum tana ciki. Ita kaɗai ke gudanar da binciken, kuma ba ta miƙa rahoto ba tukuna.

Ranar Alhamis za mu mayar da Auta asibiti. Har yau ban sani ba ko ganyen taki yana ƙara jini, ban kuma san ko Mai Girma zai riga akuya isowa ganye na ƙarshe ba.