Dilkar Gwanzu

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, ko da na so in manta. Abin da na kasa a faifai ranar ba kaɗan ba ne: shekara goma sha ɗaya ina zuwa Gwanzu ta ƙasar China sarin labule da yadin abaya, fasfo biyu na cika da hatimi, ga mata goma sha huɗu a falon ƙanwata a unguwar Waziriyya ta Jidda, tara daga cikinsu masu sayen kayana. Dukansu sun yarda cewa in dai maganar China ce, abin da na faɗa ya zauna. Wannan yardar ita ce jarina, ba shagon da nake haya a kasuwar Balad ba.

Matar da nake sari a masaƙarta sunanta Madam Lam. Tana jin Larabcin kasuwa daidai gwargwado, da shi muke ciniki. A wata tafiya ta ga ƙuraje sun feso mini a fuska, ina kuma dafe ciki bayan kowane abinci. Sai ta kai ni gidanta, ta kawo mini wani ɗan kwano na romo garai-garai, ta rantse mini kaza ce ba wani abu ba. Na sha, na laluba da cokali ban ga ko tsoka ba. (A raina na ce, mace mai masaƙa guda amma tana rowar nama.) Abin da ban sani ba shi ne, su mutanen Gwanzu ruwan suke zuba wa baƙo, kayan da aka dafa a bar su a tukunya. Don haka ban taɓa ganin abin da ke ciki ba.

Ranar da zan taho ta ba ni ƙulli goma a leda, rubutun jiki duk da yarensu. Ta taɓa kumatunta, ta shafa cikinta, ta ce, "Mai kyau ne, mai kyau sosai." Ni kuwa ina da doka a kasuwa: ba na nuna wa wanda nake saye a hannunsa cewa akwai abin da ban sani ba. Na gyaɗa kai kamar a gidanmu ake shuka shi.

Da na iso Jidda na zazzage ƙulli ɗaya a tire. Ga wani jan dabino mai yamutsattsiyar fata, ga busasshen ɓawon lemo har ya yi baƙi, ga yankakkiyar doya fara kamar alli, ga 'ya'yan bado, ga kuma wani farin abu sak soson wanka. To, ni a unguwar Karantina na tashi, nan Jidda, cikin mata masu dilka da turaren wuta. A wurinmu maganin fata shafawa ake yi, ko a yi wanka da shi, ko a turara. Nan take na raba wa kowa aikinsa. Dabinon na ci da gahawa. Ɓawon lemon ya hau kasko. Farin abin na jiƙa, ya kumbura ya yi santsi, na ce madalla, soso ne. Sauran na niƙa da kurkur da man zaitun, na shafa a fuska, na shafa a ciki, tunda na ga inda ta nuna.

Fuskata ta ɗan yi sheƙi (aikin man zaitun ne, yanzu na gane), mata suka fara tambaya. Na ce sirrin matan China ne, ba ku ga ba sa tsufa ba? Har bayani nake yi, da ɗaga yatsa.

Da bikin Rahaf, 'yar ƙanwata Maryama, ya matso, na ce a sallami mai dilka, ni zan gyara amarya. Sai aka yi dace Madam Lam ta zo Jidda ganin masu sayen kayanta a wannan makon. Na ce shi ke nan, bari matan nan su gani da idonsu da wa nake hulɗa. Na ɗauko ta a tasi har Waziriyya.

Muka shiga falo ya turnuƙe da hayaƙin ɓawon lemo. Ga Rahaf a tsakiya kan tabarma, fuska da hannuwa sun sha kwaɓi, wata ƙawarta na goga mata farin abin a ƙafa. Na buɗe hannu na ce, "Madam, ga kyautarki tana aiki."

Ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauki farin abin daga roba, ta juya shi, ta shinshina kaskon. Sannan ta dube ni da gaske, ba da wasa ba, ta ce, "Ina kazar?"

"Wace kaza?"

"Wannan da kaza ake dafa shi. Awa uku, wuta kaɗan-kaɗan. A sha. Shi kika sha a gidana."

Rahaf, wadda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da faɗa ba, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta haɗa da Larabci ta ce, "Khala, ya'ani miya ce a fuskata?"

Goggo Dije, yayar babanmu, tana kan kujera da carbinta. Ba ta ko ɗaga murya ba. "To ai an gama haɗi," in ji ta. "Maryama, ɗora ruwa. Saura a saka amaryar a tukunya."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wata har da faɗowa daga kujera. Hajja Balki, wadda na sayar wa labulen gidanta kaf, tana share hawaye tana cewa, "Wallahi ni ma kwana uku ina wanka da shi, ke kika ba ni!" Na so in ce ai ana yin duka biyun a wasu garuruwan, amma mai garin tana tsaye a gabana. Na ce, "Halas, shi ke nan, ban sani ba. Ban tambaya ba." Bakina bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba.

Madam Lam ba ta yi dariya ba, kayanta take tausayi. Ta ce ɓawon lemon da na ƙona ya shekara da shekaru a ajiye, uwarta ce ta shanya shi. Ta naɗe hannun riga ta shiga kicin ɗin Maryama, ta sa aka kawo kaza, ta dafa ƙulli ɗaya da ya rage. Bayan la'asar kowa ta samu ɗan kofi. Goggo Dije ta kurɓa ta ce a miƙo mata yaji.

Ga yadda aka tashi. Amarya ta yi kyau, kurkur bai ci amanata ba. Mata biyu sun koma ba wata saƙon China, sauran suna saye, amma yanzu in na ce yadi mai kyau ne sai sun murza da hannunsu. Daga Waziriyya har Balad sunana ya koma Hajiya Mai Miya. Romon kuwa ina dafa shi duk Juma'a, cikina ya ɗan lafa, ko shi ne ko barin yaji ne, Allah masani. Kwalin da na biya kuɗinsa ban taɓa bari ya hau jirgi ba sai na buɗe na yi tambaya goma. Wanda aka ba ni kyauta shi na karɓa da gyaɗa kai, shi ne kuma ya fi cina tsada.