Bakin Kaka a Shingen Sojoji

"Nda watu, ina kwana, tsohuwa. Kin kwana, ko dai mutuwa ce ta sake ɓatan hanya?"

"Kilewa, lafiya lau. Ta zo, ta tambaye ni ina ragon mijina, na ce ta dawo in ya gama karatu."

Hajja Yagana ke nan da jikanta Mikail, a tsakar gidanta da ke Shehuri, a shekarar da aka katse layukan waya a Maiduguri. Mikail ɗalibin adabi ne a jami'a. Sunan marigayin mijinta ya ci, shi ya sa ba ta kiransa sai da ango. Jiya ta aike shi sayen bandar kifi. A hanyar dawowa aka sauke su daga keke a shingen sojoji, ya laluba aljihu babu katin shaida, aka zaunar da shi a rana. Ajimi mai keken, maƙwabcinsu ne, shi ya ruga ya ɗauko Hajja don ta shaide shi.

Mikail ya ja tabarma ya zauna. "Ni yau ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ƙara na kawo."

"Ni ma ina da tawa. Kifin nan da ka sayo, tun jiya yake cikin ruwa, har yanzu in na jefi kare da shi sai an yi zaman makoki."

"Sa'anki ne, shi ya sa na zaɓo miki. Tare kuka yi wasan ƙasa a bakin Tafkin Cadi."

"Uhm. Ƙarar wa ka kawo?"

"Ƙarar bakinki. Soja ya tambaye ki da 'yar Hausarsa, 'Mama, ka san wannan yaro?' Me kika ce masa?"

"Gaskiya."

"Kika ce, 'Wannan mugun? Ai shi ya kashe mini miji ya zauna a wurinsa. Ku riƙe shi in huta.'"

"To ƙarya na yi? An haife ka da azumi, Malam bai ga babbar salla ba. Ka ƙwace sunansa, ka ƙwace hancinsa, har rowarsa ba ka bari ba."

Sojan, Thomas sunansa, baƙo ne daga kudu, bai daɗe a garin ba, kuma a makon nan aka kashe abokan aikinsa a hanya. Cikin duk abin da ta faɗa, kalmar "kashe" ce ta shiga kunnensa. Nan take ya ɗana bindiga, ya sa Mikail ya kwanta ruf da ciki a kan kwalta.

Hajja ta gyara zaman lafayarta ta ce, "Kuma in laifi ne, naka ne. Ba kai ka zo nan ka cinye mini burabusko, kana ce mini wai malaminku ya ce magana ba ta da ma'ana guda ba? Wai kamar keke take, duk wanda ya tare ta, inda yake so za ta kai shi. To ni na saki kekena, soja ya tare. Ina ruwana?"

"Kaka, abin da kika yi sunansa kambamawa. Adon harshe ne. A littafi ake yinsa, ko a tsakar gida, ba a gaban mai bindiga ba."

"Au! Ashe ilimin naku ma tsoron bindiga yake ji?"

"Sosai. Malamin namu ma in ya zo shinge aka ce 'tsaya', ma'ana ɗaya tak yake ji."

"Matsorata, daga kai har shi. Kana kwance kamar ƙadangaren da mota ta bi ta kansa."

"Wannan kuma kamantawa ce."

"Ka kira ta duk abin da ka ga dama. Na ga ƙafarka tana rawa."

"Rawa ce ta murnar zan rabu da ke. Amma bari in ƙarasa ƙarata. Da kika ji bindiga ta yi ƙarat, wa ya ƙwala ihu, 'Jikana ne! Ɗan ɗiyata ne! Wasa nake yi!'"

"Wata ce a cikin layi."

"Sai sojan ya ce, 'Mama, ɗazu ka ce ya kashe, yanzu ka ce jika. Wanne ne gaskiya?' Baki ɗaya, magana biyu, kuma mutumin ba shi da hanyar da zai gane wadda zai ɗauka. Na ce a raina shi ke nan, malaminmu ya yi gaskiya, kuma gaskiyarsa ce ajalina."

Hajja ta ɗauki muciya tana kankare ta da farce.

"Ina cikin kalmar shahada sai na ji wani buhun ƙasusuwa ya faɗo mini a baya."

"Jiri ne ya kwashe ni."

"Jirin ne ya rungume mini kai?"

"Na nemi abin dafawa ne, na samu wannan ƙaton kan naka mai kama da kabewa."

"Jirin ne ya ce, 'Ka fara da ni'?"

Muciyar ta tsaya a hannunta. Da ta buɗe baki, muryar ta sauka ƙasa. "Hamid ɗan gidan Zainaba ma cefane ya fita, bai dawo ba. Har yau uwarsa in ta ji an taɓa ƙofa sai ta miƙe." Ta ja hanci. "Ni kuwa da bakina, don neman dariya."

Mikail ya kalli gwiwar hannunta, inda kwalta ta ɗaye fata. Ya zaro man shafawa daga aljihu, ya kamo hannun yana shafa mata a hankali.

"Ba ki ji abin da sojan ya ce ba da ya sauke bindigar, kina can kina fyace hanci a rigata. Ya ce shi ma kakarsa 'mijina' take ce masa a garinsu, amma ba ta taɓa kai ƙararsa wurin soja ba."

"Ba ta san daɗin aure ba ke nan."

"Kuma ya ce in gaya miki kukanki ya fi jiniya."

"Ni ban yi kuka ba."

"Bayan rigata sharkaf."

"Zufarka ce."

"Zufa mai kwalli?"

Hajja ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya faskara. Dariya ta ƙwace mata har da tari, tana dukan kafaɗarsa da hannun da bai ji ciwo ba.

"To na yi! Na yi kuka, ɗan banza. Wa zai so zawarci sau biyu? Tashi ka kama jan zakaran can, a yanka a yi sadaka, cinyoyin naka ne."

Mikail ya kalli zakaran, ya kalle ta. "Tsaya tukuna. Wannan zakaran, zakara ne mai fuka-fuki, ko akwai wani abu a ƙarƙashin maganar?"

"Tashi ka kama shi kafin in sake mata ma'ana!"