Wasiƙar Soyayyar Tsohon Sakatare

Da na yi ritaya daga rubuta wasiƙun ofis, 'yata ta sa mini manhajar rubuta littafi a kwamfutar hannu. Kullum manhajar na yaba mini, kaina na ƙara kumbura. Ina gama babin da saurayi ke rubuta wa budurwa wasiƙa, na kai majalisarmu ta Ɗan Iya, na ce wa abokina Alhaji Sule, "Karanta da ƙarfi, su ji gwaninta."

Ya gyara murya: "Hadiza, an umarce ni in sanar da ke cewa ina son ki. Kwafi zuwa ga mahaifinki."

Majalisa ta tuntsure da dariya, har da mai faɗowa daga benci. Don Allah mene ne abin dariya? Magana ce a tsare!

Labari ya riga ni isa gida. Har yau matata ba ta cewa abinci ya sauka, sai dai, "Alhaji, an umarce ni in sanar da kai..."